Kada Ki Bar Gashin, Kada Kuma Ki Bar Matan Benci

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da wannan wasiƙa, ta roƙi a sakaya sunanta da na garinsu. Na taƙaita ta ba tare da na taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 43, ina da 'ya'ya biyar. Bara aka tabbatar mini da sankarar mama, aka cire mini nonon hagu, na yi kemo (maganin sankara da ke bin jini), yanzu kuma ina kan gashi, wato maganin haske da ake yi da na'ura, a wani asibitin koyarwa mai nisa da garinmu, ina zaune a gidan ƙanwar mijina. An rubuta mini zuwa 25, wato in je a yi mini gashin sau 25, na yi 13. Tun ranar farko na tarar da mata a bencin jira, muka saba, har muka buɗe zauren WhatsApp. Akwai wata dattijuwa da muke kira Inna, ita ce ta kama hannuna ranar da na zo jikina yana rawa, ta ce mini ba wuta ba ce, ba zan ji komai ba. Makon jiya aka ce ciwonta ya kai ƙashi, tun daga nan ba ta sake zuwa ba. A zauren kuma wata ta saka hoton fatarta da ta saɓule, wata tana tallan jiƙo tana cewa gashi ne yake watsa ciwon, wata kuma ta ce ita zuwa 15 kawai aka rubuta mata, don haka nawa ya fi nata muni. Ni ma fatata ta fara baƙi tana ƙaiƙayi, ga gajiya. Idan na karanta saƙonninsu da dare ba na iya barci. Mijina ya ce in fita daga zauren, in daina zama da su, wani lokacin ma zuciyata tana raya mini in bar gashin in koma wajen yarana. Amma akwai wata yarinya 'yar shekara 29 da ta fara wannan makon, kullum ni take nema, kamar yadda na riƙa neman Inna. Anti, in fita ne ko in zauna? Kuma me zan ba wata alhali ni kaina ba ni da ƙarfi?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa wannan jinya ta zama kaffara, ya kuma sassauta wa Inna. Tambaya biyu kika yi mini a fili, amma akwai ta uku da kika ratsa ta gefenta da sauri kamar ba ki so in lura, wato maganar barin gashin ki koma gida. Da ita zan fara, domin fita daga zauren WhatsApp abu ne da za ki iya warwarewa gobe da safe idan kin sake shawara, amma katse gashi a tsakiya ba haka yake ba.

Kada ki bar gashin. Tiyatar da aka yi miki ta cire abin da idon likita da hannunsa suka kai gare shi, kemo ya bi jini yana farautar abin da ya yi nisa, shi kuwa gashi aikinsa shi ne kashe 'yan ƙwayoyin ciwon da kan maƙale a bangon ƙirji, da gefen tabon aiki, da wuraren kaluluwa na hammata da gindin wuya, waɗanda babu hoton da zai nuna su saboda ƙanƙantarsu. A 2014 wata ƙungiyar masana da ke da cibiya a Ingila ta tattara bayanan mata fiye da 8,000 da aka cire wa nono, ta ga cewa a cikin waɗanda ciwon ya taɓa kaluluwa ɗaya zuwa uku, dawowarsa a wurin da aka yi aikin cikin shekara 10 ta sauko daga kusan kashi 20 cikin 100 zuwa kusan kashi 4 idan an yi gashi, kuma yawan waɗanda ciwon ya yi ajalinsu ya ragu. Dalilin da ya sa ake raba maganin ƙanana ƙanana, daga Litinin zuwa Juma'a, shi ne lafiyayyun ƙwayoyin jiki suna gyara kansu tsakanin zuwa da zuwa, na ciwon kuwa ba sa iya gyaran kamar su, sai ɓarnar ta yi ta taruwa a kansu har ta gama da su. An lissafa jimillar abin da jikinki yake bukata tun ranar da aka kwantar da ke aka ɗauki hoto aka yi miki alamomi a fata. Wadda ta tsaya a zuwa na 13 ta sha wahalar tafiya da kuɗi da baƙin fata, sannan ta bar kariyar da ta zo nema ba ta cika ba. Idan wata rana jiki ya ƙi, ko kuɗin mota ya yanke, ko na'ura ta tsaya, ki sanar da likitan da ke kula da gashinki, domin su ne suka san yadda ake rama ranakun da aka rasa.

Na daɗe ina ganin sunan da muka raɗa wa wannan magani ya zalunce shi. Duk macen da ta ji an ce za a yi mata gashi, abin da yake fara zuwa mata a rai shi ne garwashi da tsire. Alhali haske ne irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ana kuma auna shi a daidaita shi kan wuri ɗaya. Ba ya zafi lokacin da yake shiga, ba ya kuma zama a jiki bayan an kashe na'ura, don haka kina iya rungumar yaro, ki yi girki, ki kwana shimfiɗa ɗaya da mijinki ba tare da kin cutar da kowa ba. Inna gaskiya ta gaya miki ranar farko, kuma gaskiyar tana nan ko da ciwonta ya kai ƙashi.

Maganar mai jiƙo cewa gashi yana watsa ciwo ba gaskiya ba ce, amma na san inda ta samo ƙarfinta, kuma ya kamata ke ma ki sani domin ki iya amsa ta a cikin zuciyarki da tsakar dare. Da yawa daga cikin matanmu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi watanni, wani lokacin shekaru, ana fama da shi a gida. Kafin a taɓa su da wuƙa ko da haske, wasu ƙwayoyin sun riga sun bi jini sun sauka a ƙashi ko hanta ko huhu, sun yi lamo. Gashin ƙirji ba ya kai wa can, domin inda aka auna shi kaɗai yake aiki. Idan waɗannan ƙwayoyin suka farka bayan wata biyu ko shekara biyu, sai mai kallo daga gefe ya ce ai daga gashin ne, tunda shi ne abu na ƙarshe da ya ga an yi. Hasali ma, gashi yana cikin manyan abubuwan da ake rage zugin ciwon da ya kai ƙashi da su, wani lokacin a zuwa ɗaya tak, don haka kada ki yi mamaki idan kika ga Inna ta dawo wannan ɗakin da wata sabuwar alama a baya ko a ƙugu.

Batun 25 da 15 kuwa, yawan zuwa ba ma'aunin munin ciwo ba ne. Tsarin zuwa 25 cikin mako biyar shi ne wanda aka daɗe ana bi, daga baya bincike a Ingila da Kanada ya nuna cewa zuwa 15 ko 16 cikin mako uku, da ɗan ƙarin ƙarfi a kowace rana, yana yi wa mata da yawa aiki iri ɗaya, har a 2020 aka nuna cewa wasu zuwa 5 cikin mako guda ya ishe su. Abin da likita yake dubawa kafin ya zaɓa ya haɗa da irin tiyatar da aka yi, da wuraren da za a haska, da sifar ƙirjin mace, da na'urar da ke hannunsa. Ki tambaye shi kai tsaye a ranar da yake duba masu gashi dalilin da ya sa aka zaɓa miki 25. Haƙƙinki ne ki sani, kuma amsarsa ta minti biyu za ta fi miki kwana bakwai na lissafi a kan katifa.

Fatar da ta fara baƙi tana ƙaiƙayi a mako na uku abu ne da ake sa ran gani. A jikin farar fata ja take yi, a namu kuwa duhu take ƙarawa, shi ya sa wani lokacin ma'aikaci ba zai gane yadda take damun ki ba sai kin buɗe baki kin ce tana ƙaiƙayi ko tana zafi. Ki wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu ba da soso ba, ki tsane shi da tattausan ƙyalle ba tare da gogawa ba, kada kuma ki kankare alamomin da aka yi miki. Ki sa riga sakakkiya ta auduga, ki kare wurin daga rana. Humra da turare da man zafi da man bilicin da gasa wurin da tawul mai zafi, duk ki ajiye su, haka nan duk wani ƙulli ko gari da za a ce a kwaɓa a shafa. Ko man kaɗanya ne, wanda muka yarda da shi tun kaka da kakanni, ki fara nuna wa ma'aikaciyar jinya kafin ya taɓa wurin. Idan fatar ta fashe tana tsattsafo da ruwa, wanda ya fi faruwa a hammata da wuraren da fata ke gugar fata, ki nuna a ranar, kada ki jira ranar likita, balle idan akwai mugunya ko zazzaɓi. Saɓulewar irin wadda kika gani a hoto tana faruwa ga wasu, ba ga kowa ba, kuma tana warkewa idan an kula da ita. Hoton ya nuna miki rana mafi muni a jikin mace ɗaya, bai nuna miki yadda wurin zai koma bayan mako huɗu ko biyar ba.

Yanzu ga tambayarki ta farko. Ra'ayina shi ne kada ki rabu da matan nan. Mijinki ya faɗi abin da ya faɗa ne domin ya ga ba kya barci, wannan kuwa ƙauna ce, ki gode masa. Sai dai akwai abin da shi da ƙanwarsa da yaranki ba za su iya ba ki ba komai son da suke yi miki. Ba su taɓa kwanciya a kan wannan tebur hannu a sama, ƙirji a buɗe, kowa ya fita an rufe ƙofa mai kauri, na'ura tana zagaye su tana ƙara ba. Ba su san yadda mace take ji ranar farko da ta tsaya gaban madubi bayan an cire mata nono ba, ko yadda take cusa tsumma a rigar mama kafin ta shiga gidan biki. A gida dole ki nuna ƙarfin hali domin kada hankalin yara ya tashi, a bencin nan kuwa kina iya cewa yau na gaji, na tsorata, a gane ki ba sai kin yi dogon bayani ba. Da Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ban san wurin da maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan benci ba.

Shekarun baya na yi jinyar goggona a irin wannan ɗakin jira, kuma abin da na gani shi ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa. Duk abin da ya sauƙaƙa mana zaman, daga bakin mata muka same shi: wane lokaci ya fi dacewa a zo, ina ake samun ɗakin haya mai sauƙi kusa da asibiti, wa za a kira a ji ko na'ura tana aiki kafin a kashe kuɗin mota. Wata Bayarabiya ce take riƙe wa goggona wuri a layi idan ta shiga banɗaki, wata Bafulatana kuma da ba ta jin Turanci, goggona ce take yi mata tafinta da ɗan abin da take ji. Cibiyoyin gashi a ƙasashenmu ba su da yawa. A arewacin Nijeriya mata sukan tashi daga ƙauyuka masu nisa su nufi Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Abuja, sai a 2025 aka buɗe wata a Katsina, a Nijar kuwa sai a 2021 aka fara gashi a Yamai. Macen da ta bar gidanta mako biyar ko shida ta sauka a garin da ba ta da uwa ba ta da ƙawa, matan benci su ne danginta na wannan lokaci.

Wannan taimakon juna ba sabon abu ba ne, kuma likitoci sun daɗe da gane amfaninsa. A 1952 wata mata a Amurka mai suna Terese Lasser, bayan an cire mata nono ta ga babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata yadda za ta ci gaba da rayuwa, sai ta fara zagaya asibitoci tana ziyartar matan da aka yi wa irin aikinta, abin da ya zama shirin Reach to Recovery wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A nan gida, Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita ma ta yi wannan ciwo ta tashi, ta kafa ƙungiyar yaƙi da sankarar mama mai suna BRECAN a Ibadan a 1997. Amma akwai wani darasi a tarihin abin da nake so ki riƙe. A 1989 wani bincike a Amurka ya sa mutane sun ɗauka cewa zaman tattaunawa tsakanin masu sankarar mama yana ƙara musu tsawon rai. Da aka sake gwadawa da mata 235 a Kanada, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna zaman bai ƙara kwana ba, amma ya rage ƙuncin zuciya da jin zugin ciwo, musamman ga waɗanda suka fi shiga damuwa tun farko. Ma'ana, zaurenku maganin kaɗaici ne da tsoro, ba maganin sankara ba. Ranar da ya fara rubuta wa mutane magani, ko yanke hukuncin wa ta fi wa muni, ya bar aikinsa ya ɗauki wanda bai iya ba, kuma daga nan ne yake fara hana barci.

Ki lura da wani abu a wasiƙarki. Duk alherin da kika ambata a benci ya faru, ido da ido, hannu cikin hannu, duk abin da ya firgita ki kuwa a waya ya same ki, da dare, kina kwance ke kaɗai a gidan da ba naki ba. Saboda haka ba sai kin zaɓi tsakanin fita da zama ba. Ki rufe ƙarar zauren, ki hana hotuna sauka da kansu, ki sa wa kanki ƙa'ida cewa daga sallar isha'i ba kya buɗe shi sai gari ya waye kin karya kumallo. Idan kin gwada haka mako guda barcin bai dawo ba, ki fita daga zauren ba tare da jin kin ci amanar kowa ba, ki riƙe lambobin mata biyu ko uku da zuciyarki ta natsu da su, ki ci gaba da gaisawa da kowa a benci.

Kafin ki kai ga fita, ina ganin ya dace ki gwada gyara, domin ina da yaƙinin ba ke kaɗai ce kike kwana ido biyu ba. Ki samu wadda ta buɗe zauren da wata babba da ake jin maganarta, ku zauna bayan an gama gashin ranar, ku amince da 'yan ƙa'idoji kaɗan da kowa zai iya riƙewa. Hoton rauni a kai wa ma'aikaciyar jinya, wadda kuma take so wata ta gani ta tura mata ita kaɗai bayan ta nemi izininta. Kada a yi tallan magani kowane iri. Tambayar da ta shafi magani a tara ta, mutum ɗaya ta kai wa likita ko nas ta dawo da amsa, in ma za a samu wata ma'aikaciyar jinya ta yarda ta zauna da ku minti 20 a mako, ya fi komai. Labarin rasuwa ko na tsanantar ciwo kada a jefa shi cikin dare, a bari sai da safe, a kuma fara kiran waɗanda suka fi kusa da mai abin. Sannan abin da aka faɗa a zaure amana ne. Akwai matan da ko surukarsu ba ta san abin da ya kawo su asibiti ba, akwai wadda take tsoron kishiya ta ji, akwai wadda take fargabar a fasa auren 'yarta saboda jahilcin masu cewa ciwon yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, alhali ba ya yaɗuwa. Wadda ta ɗauki hoton wata ko sunanta ta fitar waje, ko da da niyyar neman mata taimako ne, ta yi mata ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Mai jiƙon kada a tozarta ta a gaban jama'a. Mai yiwuwa ita ma tsoro ne ya kai ta ga jiƙon, mai yiwuwa kuma da kuɗinsa take biyan motar zuwa asibiti. A ja ta gefe a gaya mata cewa kalma ɗaya daga bakinta tana iya sa wata ta bar magani ta koma gida, nauyin kuma ba ƙarami ba ne. Ke kuma duk abin da za ki sha, sassaƙe ne ko tsimi ko ƙwayoyin ƙarin kuzari na kanti, ki gaya wa likitanki, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda, wasu suna karo da magungunan da ake ba ki. Addu'a da tofi da sadaka ba su taɓa yin karo da gashi ba, ki riƙe su da kyau. Idan kuma kuɗi ne yake neman kayar da wata a cikinku, ku raka ta ofishin kula da walwalar marasa lafiya na asibitin ku tambayi Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a 2021 a wasu asibitocin koyarwa, sankarar mama tana cikin cututtukan da yake ɗauka. In kun yi karo-karo a tsakaninku, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, mutum biyu su riƙe, domin kuɗi yana raba zumuncin da ciwo ya haɗa.

Na dawo kan Inna, domin ina jin ita ce ainihin abin da ya hana ki barci, hoton da jiƙon sun zo ne sun tarar da zuciya a buɗe. Wadda ta ce miki kada ki ji tsoro ita ce aka ce ciwonta ya ci gaba, sai kika ga kamar kanki kike hangowa a gaba. Ƙanwata, sankarar mama suna ɗaya ne ya tara cututtuka daban-daban. Akwai wadda sinadarin jikin mace yake ciyar da ita, ana kuma tare ta da ƙwaya irin tamoxifen ta shekaru, akwai mai alamar HER2 wadda take da nata maganin, akwai wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ga bambancin matakin da kowace ta zo da shi, ga shekaru, ga yadda jiki ya karɓi kemo. Kun haɗa benci da Inna, ba ku haɗa fayil ba. Kuma kada ku yi mata zaman makoki tana raye. Ciwon da ya kai ƙashi ba a cika raba mutum da shi gaba ɗaya ba, wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye miki ba, amma ana riƙe shi da magani, mata da yawa suna yin shekaru da shi suna aurar da 'ya'ya suna goyon jikoki. Abin da ya fi yi wa irin su Inna ciwo shi ne su ga waɗanda suka riƙe a da sun ɗauke ƙafa saboda tsoro. Ki kira ta. Ba sai kin shirya wata magana mai hikima ba, ki ce Inna, ni ce, na yi kewarki a benci, yaya jikin, sannan ki yi shiru ki saurara. Idan ta yi kuka ki bar ta ta yi, kada ki yi saurin toshe mata baki da cewa ta yi haƙuri. In gidan da take yana kusa kuma jikinki ya yarda, ku je ku biyu ranar Asabar, tunda zumunta a ƙafa take.

Tambayarki ta biyu ita ce me za ki ba yarinyar nan alhali ba ki da ƙarfi. Ki tuna abin da Inna ta ba ki. Ba kuɗi ba ne, ba ilimin likita ba ne, hannu ta kama ta faɗi jimla ɗaya ta gaskiya. Kina da kwana 13 da yarinyar ba ta da su, kin san sanyin ɗakin, kin san ƙarar na'urar, kin san cewa hasken kansa 'yan mintuna ne kuma ma'aikata suna kallon mutum ta kyamara suna jin muryarsa, kin san gashin kanta ba zai zube saboda wannan ba sai dai na hammata. Ki gaya mata waɗannan. Ki riƙa fara magana da cewa ni dai ga yadda ya kasance mini, domin kada ta mayar da labarinki ma'aunin nata, kada kuma ki yi mata alkawarin abin da ba ya hannunki. 'Yar shekara 29 tana ɗauke da tambayoyin da kunya za ta hana ta yi wa likita namiji, na haihuwa da shayarwa da kwanciyar aure. Abu ɗaya da za ki iya gaya mata da tabbaci shi ne a guji ɗaukar ciki muddin ana gashi, domin hasken yana cutar da ɗan tayi, idan kuma tana zargin tana da ciki ta faɗa kafin ta hau tebur. Sauran ki raka ta wurin ma'aikaciyar jinya mace, ki zauna a gefenta ta yi tambayarta.

Sai dai ki sa iyaka, domin gajiyar gashi taruwa take yi, ta fi nauyi a makonnin ƙarshe. Ba laifi ba ne ki ce mata ƙanwata, yau jikina babu daɗi, mu yi magana gobe. Ki haɗa ta da wata mace ta biyu mai natsuwa tun yanzu, saboda ke za ki gama ki tafi ita tana tsakiya, kada ta wayi gari ta ga bencin babu kowa nata kamar yadda ya faru da ke. Ki ci abinci ko da ba kya marmari, ki sha ruwa sosai, ki ɗan taka da yamma idan rana ta yi sanyi, domin tafiya kaɗan tana rage wannan gajiya fiye da kwanciya yini guda, ki kuma ci gaba da motsa kafaɗar hagu yadda aka koya miki bayan tiyata. Idan rashin barcin ya kai mako biyu, ko kika ga abinci da hira da ibada duk sun fita daga ranki, ko tunanin mutuwa ya ƙi barin ki, wannan ya wuce abin da benci zai ɗauka, ki gaya wa likita a fili domin a haɗa ki da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma babu abin kunya a ciki.

Mijinki kuwa, idan ya zo duba ki, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ko sau ɗaya, ya ga matan da idonsa, ya gaisa da mazan da suke rako nasu matan, ya ji bayanin likita da kunnensa. Ki gaya masa matakin da kika ɗauka game da waya da dare, domin ya san kin ji maganarsa. Ki sa lokaci ɗaya a kullum na kiran yara, bayan la'asar misali, ki riƙa gaya musu zuwa nawa ya rage, su ma su taya ki ƙirgawa.

Ki sani tun yanzu cewa fatar takan ƙara tsananta mako ɗaya zuwa biyu bayan zuwan ƙarshe kafin ta fara sauƙi, duhun kuma yakan ɗauki watanni yana washewa, don haka kada ki tsorata idan kin koma gida kika ga haka, ki kuma karɓi lambar da za ki kira kafin ki bar asibitin. Idan hannun hagu ya fara kumbura ko ya yi nauyi, ki koma a duba da wuri. Mata da yawa sukan ce kewa ta fi kama su bayan an sallame su, lokacin da 'yan'uwa suke ta barka suna cewa an gama, su kuwa sun rasa waɗanda suke gani kowace safiya, to a nan ne lambobin nan biyu ko uku za su yi miki rana. Saura zuwa 12. Ki sake rubuto mini idan kin cika na 25, ki gaya mini yadda fatar ta kasance, da yadda kika samu Inna, da kuma wadda kika damƙa wa yarinyar kafin ki hau motar gida.